Tun Ran Gini, Ran Zane: Inda Ƙara Ke Bi a Sababbin Gidajenmu

Wata gwaggona ta baro Wanke shekaru kaɗan da suka wuce, lokacin da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, ta dawo Gusau wurin ɗanta. Shi kuwa yana haya ne a hawan sama na wani bene a Tudun Wada, ɗaki biyu da falo, tayil tun daga bakin ƙofa har banɗaki. Ba ta cika mako guda ba aka kawo ƙararta. Laifinta shi ne ta jawo ɗan turminta da hantsi ta daka daddawa da barkono. Mutumin da ke hawan ƙasa ma'aikacin jinya ne, ya kwana a bakin aiki, shigowarsa ke nan ya ɗan kishingiɗa. Ya ce tamkar a tsakar kansa ake dakan. Ita kuma ta rantse ba ta ɗaga taɓarya da ƙarfi ba, ta ce shekara arba'in tana daka a gidanta, maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba su bai taɓa cewa uffan ba.

Dukansu gaskiya suka faɗa. Wanda ya kamata a tuhuma ba ya wurin da aka yi sulhun, wato wanda ya zuba dekin, ya shafa siminti, ya manna tayil a kansa kai tsaye, bai ko tambayi kansa ta ina ƙarar taɓarya za ta bi ba.

Ra'ayina, wanda zan kare a wannan rubutu, shi ne daɓen ɗaki da rufinsa su ne ke yanke hukuncin abin da kunne zai ji a cikin gini, kuma wannan hukunci ana yanke shi ne ranar da ake zane da lissafin kaya. Mu kuwa mun ɗauki al'adar barin sa har sai an tare, sannan mu nemi magani a wurin mai sayar da lasifika ko a gaban mai unguwa. Tun da Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996 take cika tana batsewa, rashin tsaro kuma ya ƙara turo jama'a daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu da kewayen Gusau kanta. Fili ya yi tsada, gini ya fara hawa sama, mutanen da ba su san juna ba suna kwana wani bisa kan wani. Abin da a da bai dami kowa ba ya zama abin da ke raba zumunci.

Ƙara a cikin gini iri biyu ce, kuma rikita su shi ke sa a kashe kuɗi a banza. Akwai wadda ke tafiya cikin iska: magana, rediyo, kukan jariri. Wannan maganinta nauyi da toshe kafa. Idan aka ninka nauyin bango sau biyu, ƙarar da ke ratsa shi takan ragu da desibel 5 zuwa 6, kunnen ɗan Adam kuma yakan ji kamar sauti ya ragu da rabi idan ya sauka da kimanin desibel 10. Sai kuma wadda ke tafiya cikin jikin ginin kansa: takun ƙafa, jan kujera, faɗuwar murfin tukunya, daka. Wannan ba ta neman ƙofa ko taga. Cikin iska sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, cikin kankare kuwa ya haura mita 3,000, kuma ba ya gajiya da wuri, domin kankare da rodi ba su da laushin da zai shanye girgizar. Da zarar taɓarya ta sauka, dekin gaba ɗaya ya zama fatar ganga, ɗakin da ke ƙasa ya zama cikinta. Girgizar tana kuma gangarawa ta ginshiƙai da bangaye, shi ya sa wani lokaci wanda ke ɗaki na uku daga gefe ma yake ji.

Dekin da aka saba zubawa a nan, mai kaurin inci 6 ko santimita 15, yana da nauyin kimanin kilo 360 a kowane murabba'in mita. Wannan nauyi ya isa ya tare hirar falo. Shi ya sa mai gida kan ce ai ya gwada, ya tsaya a ƙasa an yi magana a sama bai ji ba. Gwajin da bai yi ba shi ne ya sa yaro ya yi gudu da takalmi a kan tayil.

A gidan gwaggo na Wanke, turmi a tsakar gida yake zaune, bisa ƙasa, ƙasa kuwa tana haɗiye duka. Ko cikin ɗaki ne, daɓe ne na gargajiya: tsakuwa da jar ƙasa da mata suka taru suka buga da madaɓi suna waƙa, aka yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Bisa wannan daɓe a shimfiɗa tabarma ko buzu. Bangon tubali ne, gindinsa kan kai kamu guda ko fiye, fuskarsa ba ta miƙe sumul ba, hannun magini ya bar mata tudu da kwari. Rufin soro kuwa azara ce ta giginya, a jera, a shimfiɗa zana ko ƙirare, a ɗora ƙasa mai kauri. Wanda ya taɓa kwana a soro da damina ya san ana iya yin ruwa kamar da bakin ƙwarya bai sani ba sai ya ji zubar indararo. Har benen ƙasa, irin na gidajen sarauta da na attajiran Kano da Zariya, daɓensa na sama ƙasa ce bisa azara: nauyi ga shi, kuma nauyi ne marar amo, wanda taku ke mutuwa a cikinsa. Abin sha'awa, magina a Sikotland sun isa ga wannan dabara ta tasu hanyar, suna zuba toka tsakanin katakan daɓen tsofaffin benayen haya na Gilasgo da Edinbara domin kashe ƙarar na sama.

Ba na cewa kakanninmu sun zauna sun yi lissafin sauti. Azara ba ta iya ɗaukar rufi fiye da tazarar kusan mita 2 ba tare da dabara ba, wannan ne ya tilasta ƙananan ɗakuna, ya kuma haifar da bakan gizo da ɗaurin guga ga mai son zaure mai faɗi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tsakanin shekarun 1830 da 1840, shi ne ƙololuwar wannan fasaha: manyan ginshiƙan ƙasa, bakuna masu haɗuwa a sama, tulluwa ƙanana, zane mai tudu a jikin bango. An yi su ne domin rufi ya tsaya, domin ido kuma ya more. Amma duk wani tudu da lungu a cikin irin wannan gini yana tarwatsa sauti, ya hana shi dawowa dunƙule ya mari kunne, kuma an yi fiye da ƙarni ana huɗuba a ciki da muryar Allah ta ba liman. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Foland da ya auna ginin ya zana shi, ya ga darajarsa har ya sa aka yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Ba kuma ina kiran a koma ginin ƙasa ba ne, kada mai karatu ya ɗauka ɗan birni ne ke begen ƙauyen da ba zai iya kwana biyu a cikinsa ba. Soro na son yaɓe duk shekara, idan aka yi sakaci damina ɗaya ta isa ta danne mutane a cikin barci, giginyar azara ma ta yi ƙaranci. Mutanen da suka rungumi kwano tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920 suna da hujjarsu. Kukana shi ne mun sauya kaya ba mu lissafa abin da tsohon kayan ke yi mana kyauta ba. Ƙasa tana ba mu nauyi da laushi a lokaci guda. Muka maye gurbinta da kwanon da kaurinsa bai kai rabin milimita ba, da bulo mai rami, da tayil, da gilashi, da silin roba, kowannensu ko dai ya cika sauƙi sauti ya ratsa shi, ko ya cika tauri sauti ya dawo daga jikinsa.

Wannan dawowar sauti ita ce matsala ta biyu, kuma a ganina ta fi ta bene illa, domin ita ba wanda ke kai ƙararta. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta gina ɗakin lacca a gidan adana zane-zane na Fogg, aka wayi gari ba a fahimtar abin da malami ke faɗa, kalma kan yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo kafin ta mutu. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gano dalili. Ya yi dare da dama yana kwaso matasan kujeru daga wani zauren jami'ar, yana busa bututun molo na coci, yana auna lokacin da sautin ke ɗauka kafin ya ɓace. Daga nan ya fito da lissafin da har yau ake aiki da shi: tsawon amon ɗaki, a daƙiƙa, daidai yake da girman cikinsa a ninka da 0.161, a raba da jimillar abin da ke shanye sauti a cikinsa. Da wannan lissafi aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900.

Mu gwada shi a kan ajin firamare irin wanda ake ginawa a Bungudu ko Tsafe. A ce tsawonsa mita 9, faɗinsa 7, tsayinsa 3, girman cikinsa 189 ke nan. Daɓen siminti da bangon filasta da silin mai santsi suna shanye kimanin kashi 2 cikin 100 na sautin da ya same su, saura su mayar. Dukan fuskokin ajin, murabba'in mita 222, ba su wuce a ce tagar murabba'in mita 5 ce aka buɗe sauti ya fice ba. A ƙara buɗaɗɗun tagogi na murabba'in mita 6, a ƙara yara 40 da tufafinsu, jimillar ta kai wajen 22. Amon ajin zai kama daƙiƙa 1.4. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 1999, ta ba da shawarar kada amon aji ya wuce daƙiƙa 0.6, ƙarar da ke shigowa daga waje kuma kada ta haura desibel 35 lokacin darasi. Ajinmu ya ninka ma'aunin fiye da sau biyu, tun kafin a kawo zancen ruwan sama bisa kwano, wanda kan sa malami ya ajiye alli ya jira, ko ajin da ke maƙwabtaka da shi da ake haddar lissafi da ƙarfi.

Me wannan ke nufi ga yaro? Wasula suna da ƙarfi da tsawo, baƙaƙe kuwa gajeru ne, raunana. Idan ɗaki na da amo, wasalin da ya gabata yana rufe baƙin da ke biye. Babba mai jin harshe yakan cike gurbin da hankalinsa. Yaro ɗan shekara bakwai da ake koya wa Turanci, harshen da ba a yi da shi a gidansu, ba shi da abin cikewa. Haka ɗan Islamiyya da ake so ya bambance sin da sad, ko ɗan aji ɗaya da ake so ya ji bambancin kafa da ƙafa. Mukan ce yaron baya ba ya mai da hankali, alhali sau da yawa abin da ya isa kunnensa kunu ne. Malamin kuma ya yini yana ɗaga murya, ya koma gida da maƙogwaro a dishe.

Gyaran bai kai tsadar da ake zato ba. A lissafin nan, ana bukatar a kai jimillar daga 22 zuwa kimanin 50. Silin mai shanye sauti, irin allunan zare masu laushi ko masu ƙananan huji da auduga ta gini a bayansu, idan ya rufe murabba'in mita 50 ya biya bukata, kuma shi ne zai rage zafin kwano da ƙarar ruwa. Tun da dama za a sayi silin, bambancin kuɗin tsakanin iri da iri ne kawai. Ko allunan manna takardu masu laushi a bangon baya, ko tabarmin kaba da aka ɗaura a firam da ɗan sarari a bayansu, suna rage wani abu. Hukumomin da ke biyan kuɗin azuzuwa da ɗakunan lacca, UBEC da SUBEB da TETFund, suna da ikon rubuta wannan cikin sharuɗɗan kwangila kamar yadda suke rubuta kaurin rodi.

Masallatanmu na zamani su ne inda abin ya fi ba ni takaici. Na yi sallar Juma'a a wani sabon masallaci a cikin Gusau, an kashe masa dukiya, tayil har rabin bango, silin POP mai sheƙi, ƙubba a tsakiya, fankoki suna ta juyawa. Liman ya yi huɗuba ta kusan rabin sa'a da Hausa, harshen da aka haife ni a cikinsa, na fito ban iya maimaita jumla uku ba. Na tambayi na kusa da ni, wani dattijo, na ce, “Baba, a kan me aka yi huɗuba?” Ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, mu dai mun ce amin.”

Kwamitin masallaci idan ya ji irin wannan koke, abin da ya sani shi ne a ƙaro lasifika a ƙara murya. Wannan kuwa ƙara wa Barno dawaki ne, domin sauti bai yi ƙaranci ba, yawa ya yi. Kowace lasifika tana zuba sabon sauti cikin ɗakin da bai gama da na farko ba. Sannan idan tazarar da ke tsakanin lasifika ta kusa da kai da ta nesa ta kai mita 17, muryar ta nesa za ta iso bayan kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, daidai inda kunne ke fara jin su a matsayin murya biyu. Ƙubba mai santsi kuma tana tattara sauti ta jefo shi wuri guda kamar yadda madubi mai lanƙwasa ke tattara haske. Kafet na taimakawa, amma siririn kafet bisa tayil sautuka masu kaifi kawai yake sha, ya bar masu kauri suna gurnani. Abin da ke aiki shi ne soso ko roba mai kauri a ƙarƙashin kafet, abu mai laushi a bangon da ke fuskantar liman, silin da ba sumul ba, da ƙananan lasifikoki da aka karkato su ga sahu, aka rage musu murya, aka daidaita jinkirinsu. Wanda ya ba da miliyoyi domin tayil ɗin bango, da ya ba da rabinsu domin wannan, da jama'a sun ji abin da aka tara su a faɗa musu.

Akwai wani aibi kuma da ya shafi sirri, abin da Bahaushe ya gina gidansa kacokan a kansa. Tsarin zaure da shigifa da tsakar gida tazara ce da ke tace ido da kunne, ɗakin kowace mace kuma da kaurin bangonsa. Yau magini kan tsayar da bangon tsakani daidai inda silin zai zauna, domin a tsimin bulo jeri uku ko huɗu, sararin da ke ƙarƙashin kwano ya zama hanya ɗaya buɗaɗɗiya bisa dukan ɗakuna. Magana ta ratsa silin roba ta haura, ta sauka a ɗakin kishiya, ko na ɗan haya, ko a benci inda marasa lafiya ke jiran ganin likita. Na taɓa zama a irin wannan benci a wani asibiti mai zaman kansa na ji abin da bai kamata in ji ba game da matar da ban sani ba, kuma ta fito muka haɗa ido. Kai bango har ƙarƙashin rufi da yi masa filasta fuska biyu shi ne maganin, kuɗinsa bai kai na ƙofar ƙarfe ɗaya mai ado ba.

Za a ce mini ƙasar da gini ke rushewa da mutane, jihar da mutane ke kwana a azuzuwa saboda gudun hijira, ina ta ga zancen amo? Na yarda tsayuwar gini ita ce gaba da komai. Sai dai mai zuba dekin na miliyoyi ba matalauci ba ne, kuma abin da ake nema a wurinsa kaɗan ne. Wasu ƙasashe sun mai da shi doka. A Ingila, sashen E na dokokin gini ya wajabta wa sabon gidan haya daɓen da zai tare aƙalla desibel 45 na ƙarar iska, ƙarar taku kuma kada ta wuce 62 a ma'auninsu, ana kuma zuwa da na'ura a gwada. Koriya ta Kudu, inda rigimar na sama da na ƙasa ta sha kai wa ga zubar da jini, ta ɗaga kaurin dekin na benayen zama zuwa santimita 21. Mu muna da Kundin Dokokin Gini na Ƙasa na 2006, muna da ƙa'idojin ƙara na hukumar NESREA na 2009, waɗanda suka fi karkata ga hayaniyar injuna da masana'antu da wuraren taro. Ban taɓa jin an mayar wa wani da zanen gininsa a Gusau domin bai nuna yadda zai kare na ƙasa daga takun na sama ba. Kafin doka ta iso, injiniyoyi da masu zanen gini da ke karanta wannan wasiƙa su ne dokar.

Abin da ake yi a bene shi ne daɓe mai iyo. Bayan dekin ya bushe, a shimfiɗa roba ko soso na musamman mai kaurin milimita 5 zuwa 10, a naɗe bakinsa ya hau jikin bango kaɗan, sannan a zuba simintin shafe na santimita 5 zuwa 6 a kansa, a manna tayil. Sharaɗin kawai shi ne kada simintin sama ya taɓa bango ko dekin a ko'ina, domin wuri ɗaya da ya taɓa ya zama gadar da girgiza za ta bi, aikin ya ragu ƙwarai. Dole kuma injiniya ya sa wannan ƙarin nauyi, sama da kilo 100 a murabba'in mita, cikin lissafinsa tun farko, wanda shi ne dalilin da ya sa ba a iya yanke shawarar bayan an gama. A wurin zane ma akwai abin da ba ya cin ko sisi: kicin bisa kicin, banɗaki bisa banɗaki, ɗakin kwana bisa ɗakin kwana, injin jan ruwa da janareto a kan nasu dandamali da roba a ƙarƙashi, nesa da jikin gini. Mai zanen da ya san mutanensa zai kuma bar ɗan fili a ƙasa inda za a ajiye turmi, domin matan Zamfara ba za su daina daka don an ɗora su a bene ba.

A gidan Tudun Wada ba a fasa tayil ba, mai gida ya ce ba da kuɗinsa ba. Ɗan gwaggo ya samo tsohuwar tayar mota aka yanka, aka ɗora katako da tsumma a kai, turmi ya hau. Ƙarar ta ragu, ba ta ɓace ba. Daga baya suka daidaita da ma'aikacin jinyar: ranar da ya kwana a asibiti yakan aiko yaro ya faɗa, ita kuma ta sauko da turminta gindin dalbejiyar da ke ƙofar gida ta yi dakanta a ƙasa.